LAMBAR DA TA RUSHE ZATON FERMAT



Wannan lacca ta shafi lamba ɗaya ce tak, watau 4,294,967,297. Ana samunta idan aka jera 2 har sau 32, aka ninka su da juna, sannan aka ƙara 1. Mara ce, domin 2 ba ta raba ta daidai. Amma babbar tambayar masana ita ce: shin akwai wata lamba da ke raba ta ba saura, ban da 1 da ita kanta? Lambar da ba ta da mai raba ta sai waɗannan biyu, kamar 7 ko 13, ita za a kira gagara-rabo a nan.

A shekarar 1640 wani lauya ɗan Faransa, Pierre de Fermat, ya lura da lambobin 3, 5, 17, 257 da 65,537. Kowacce ana samunta ne ta hanyar da aka ambata, sai dai yawan 2 da ake jerawa ya zama 1, 2, 4, 8 ko 16. Dukkansu gagara-rabo ne. Saboda haka ya yi zaton duk na gaba ma haka suke, ko da yake bai kawo hujja ba. Ta shida a wannan jeri ita ce lambar da ake magana a kanta.

Zaton ya tsaya shekara 92. A 1732 Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ita ce wannan lamba daidai. Dabarar da ya bayyana daga baya mai sauƙi ce: duk gagara-rabon da za ta raba lambar, tilas ne ta bar saura 1 idan aka raba ta da 64. Ke nan babu bukatar gwada dubban lambobi. Sai 193, 257, 449, 577, sannan 641, wadda ta shiga ba saura.

Daga nan matsayin lambar ya fito fili. Mai rabuwa ce. Masu raba ta huɗu ne kawai: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta, domin na tsakiyar nan biyu gagara-rabo ne. Idan aka tara ukun farko za a sami 6,701,059, abin da bai kai ko kusa da ita ba, don haka tana cikin ajin lambobi masu gaira. Har yau kuwa, duk da ƙarfin kwamfuta, ba a sake samun gagara-rabo a jerin Fermat ba bayan 65,537.

Darasin ya wuce ajin lissafi. Misali biyar a jere sun ruɗi gwani kamar Fermat. Ɗalibi a ɗakin bincike, da ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi bisa alƙaluman 'yan shekaru, ya kamata su riƙe cewa yawan misalai ba ya zama hujja, kuma misali ɗaya mai saɓawa ya isa ya rushe ƙa'ida.