"Da Sauƙi" Ba Ma'auni Ba Ne: Yadda Ake Auna Ƙarfin Gaɓar Majinyaci

 

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya yawaita a tsakanin dattawanmu, galibi sanadiyyar hawan jini. Ku da ke birni kukan aiko da kuɗi, ku bugo waya ku tambayi jikin Baba, a ce muku da sauƙi. Bahaushe kuwa ko yana gargara da sauƙi zai ce. Ladabi ne da tawakkali, amma ba zai gaya muku ko hannun nan yana dawowa ba. Likitocin gashi, waɗanda ake kira fisiyo, suna da ma'auninsu, kuma shi muke son ku sani.

Asalinsa daga Amurka ne, inda wani likita mai suna Robert Lovett ya riƙa gwada tsokar yaran da shan-inna ta kama. A shekarar 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta tsara shi daga 0 zuwa 5 domin sojojin da suka ji rauni a jijiya. Shi ake amfani da shi a asibitocinmu, har da na ƙashi da ke Dala.

Likita zai ce wa majinyaci ya motsa gaɓa, ya kuma ɗora yatsunsa a kan tsokar. In bai ji komai ba, 0 ke nan. In tsokar ta ɗan yi motsi amma gaɓar ba ta gusa ba, 1. Wanda ke iya jan ƙafa a kan shimfiɗa amma ba ya iya ɗaga ta yana kan 2. Mataki na 3 shi ne babbar mahaya, domin a nan gaɓa ke iya ɗaukar nauyin kanta. Daga nan sai likita ya danne ta da hannu: in ta ɗan jure, 4, in ta jure kamar ta mai lafiya, 5. Mu da muka tsufa muna ba da maki mun san hannun malami ya bambanta, haka ma na likita, musamman a mataki na 4. Saboda haka akan ƙara da wata na'ura da majinyaci ke damƙa, ta nuna ƙarfinsa da kilo, ko a ƙirga sau nawa zai tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30.

A kiyaye abu guda. Hannun da ya sandare ba ƙarfi ya yi ba. Ƙagewa ce, kuma jan sa da ƙarfi a gida yakan ɓata kafaɗa.

Mafi yawan farfaɗowa tana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko, lokacin da mukan ɓata muna jiran ganin hali. Don haka muna roƙonku, duk ranar da aka kai tsoho asibiti, mai rakiya ya tambayi lambar kowace gaɓa, ya rubuta da kwanan wata a littafi guda. In kun bugo waya, lambar za ku tambaya. Muna kuma ba kwamitin lafiya shawarar ya ware wani abu daga asusun bana domin kuɗin motar marasa hali zuwa wurin gashi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya maishe ku gidajenku lafiya. Wassalamu alaikum.