Zaɓen Tayar Mota Mai Gudu da Abin da Hanyoyin Kunci Ke Buƙata

Lacca ga direbobi, masu faci da ɗalibai masu koyon gyaran mota a Kunci

Taya ita kaɗai ce sashen mota da ke taɓa ƙasa. Ƙarfin inji da kamun birki da juyin sitiyari duk ta kanta suke bi su isa kwalta, alhali wurin da kowace taya ke dafawa bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Shi ya sa masu ƙera motocin gudu suke aiki tare da kamfanonin taya tun motar ba ta fito ba, har akan buga wa tayar alama ta musamman: harafin N na Porsche, tauraro na BMW, MO na Mercedes. Ba irin waɗannan motoci ne ke zirga-zirga tsakanin Kunci da Bici ko Kazaure ba. Amma ilimin da aka tara a kansu yana nan rubuce a gefen tayar kowace Golf da Sharon da Hiace da ke lodi a tasha. Wanda ya gane abin da ake nema a tayar motar gudu zai san abin da ya dace da tasa motar da kuma abin da zai cuce ta.

Abin da ya bambanta tayar gudu

Tun da John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska a 1888, kamfanin Michelin na Faransa kuma ya kawo ƙirar radiyal a 1946, matsalar masu yin taya guda ce: ba a samun riƙon hanya da daɗewa da ɗaukar kaya cikakku a taya ɗaya. In an ƙara wani, sai wani ya ragu. Tayoyin gudu irin su Michelin Pilot Sport da Pirelli P Zero da Bridgestone Potenza sun fifita riƙon hanya, ta fuska uku.

Ta farko ita ce laushin roba. Roba mai laushi tana shiga 'yan ramukan kwalta ta manne, birki ya kama da wuri, mota ta sha kwana ba ta zame ba. Illar ita ce saurin cinyewa. A tseren Formula One, inda Pirelli kaɗai ke ba da taya tun 2011, akan tsaya a canza taya a tsakiyar tseren da bai wuce kilomita 300 da 'yan kai ba.

Ta biyu ita ce gajeren gefe mai tauri. Idan gefen taya ya gajarta, ba ya lanƙwasa a kwana, mota na bin sitiyari nan take. Sai dai wannan gefen ne ke shanye dukan rami, don haka duk abin da aka rage masa, wili da shokozoba ne za su ɗauka.

Ta uku ita ce faɗi da ƙarancin tsagi. Yawan robar da ke taɓa busasshiyar kwalta yana ƙara riƙo, shi ya sa tayar tsere ta lokacin rani ba ta da zane sam. Da zarar ruwa ya sauka, wannan falala ta koma hatsari.

Karatun gefen taya

A gefen kowace taya akwai layi irin wannan: 205/55 R16 91V. Lamba 205 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 55 tana nufin tsayin gefen kashi 55 ne cikin ɗari na faɗin, wato kimanin milimita 113. R na nufin radiyal, 16 kuma girman wili ne a inci. Tayar gudu mai lamba 245/35 R19 gefenta bai wuce milimita 86 ba, ita kuwa 195/65 R15, wadda ƙananan motoci da yawa ke ɗaurawa, tana da kusan 127. Wannan tazara ta kusan milimita 40 ita ke raba motar da ta faɗa rami ta wuce da wadda wilinta ya lotsa.

Lamba 91 ita ce ma'aunin kaya: kilo 615 a kan kowace taya. Lamba 82 kilo 475 ce, 95 kilo 690, 100 kilo 800. Tayar bas mai ɗauke da harafin C, kamar 195 R15C mai lamba 106, tana ɗaukar kilo 950, domin an ƙara mata ƙarfin jiki.

Harafin ƙarshe shi ne iyakar gudun da aka gwada tayar a kai: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240, W 270, Y 300. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Dokar hanya a Najeriya ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce kilomita 100 a awa ba ko a tagwayen hanyoyi, don haka babu wanda ke buƙatar harafin Y saboda gudu. Amfanin babban harafi a ƙasa irin tamu shi ne jure zafi, domin tayar da aka yi ta don gudun 240 an yi ta ne yadda za ta iya fitar da zafi daga jikinta. Ƙa'idar ita ce kada a sauka ƙasa da harafi ko lambar kaya da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba.

Akwai kuma wasu maki uku da Amurka ta wajabta rubutawa, waɗanda ake gani a tayoyi da yawa. Na farko lambar daɗewa ce: mai 400 ana sa ran ta ninka mai 200, muddin kamfani ɗaya ya yi su. Tayoyin gudu sukan tsaya tsakanin 200 da 300. Na biyu riƙon jiƙaƙƙiyar hanya ne, daga AA zuwa C. Na uku jure zafi ne, A ko B ko C. Ga mai bin hanyoyin arewacin Kano, makin zafi ya fi sauran muhimmanci, A kuma shi ne na gaba.

Zafi da lodi

A watannin Maris da Afrilu zafin iska a wannan yanki yakan kai digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Taya ma tana haifar da nata zafin, domin duk juyi ɗaya sai gefenta ya lanƙwasa ya miƙe. Abu uku ke ƙara wannan zafi: gudu, nauyi da ƙarancin iska. Idan suka haɗu, robar da wayoyin ƙarfen da ke cikinta sukan rabu, taya ta fashe.

Lissafin nauyi ba shi da wuya. Ƙaramar mota mai taya 82 tana da kilo 1,900 gaba ɗaya, kuma jikin motar ya riga ya cinye fiye da rabi. In aka zuba fasinja shida, aka ɗora buhunan gero ko wake masu kilo 100 za a kai kasuwar Dawanau, an wuce iyaka, kuma tayoyin baya ne ke shan mafi yawan nauyin. Haka abin yake ga akori-kurar da ke kwaso tumatir da albasa daga gonakin rani na madatsar ruwan Gari. Irin wannan aiki na tayar C ne ko mai alamar XL, wato wadda aka ƙara wa ƙarfin ɗaukar kaya. Tayar gudu, komai tsadarta, ba a yi ta domin sa ba.

Wasu direbobi kan rage iska da bazara wai don kada taya ta fashe. Wannan kuskure ne babba, domin taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasa, ta fi ɗaukar zafi. Wasu masu faci kuma sukan cika ta har sai ta yi tauri, suna gwadawa da dukan ƙarfe. Wannan yana cinye tsakiyar zane, yana rage kamun birki. Adadin da ya dace yana kan takardar ƙofar direba, yawanci 30 zuwa 35 a geji ga ƙaramar mota, da ƙari kaɗan idan akwai kaya. Lambar da ke jikin tayar iyaka ce da ba a wucewa, ba ita ake cikawa ba. Da safe ake aunawa, kafin mota ta yi tafiya.

Hanya da damina

An yi tayar gudu ne domin kwalta mai santsi. Mai zuwa ƙauyukan Kunci kuwa yakan bar kwalta ya hau burji, ya ratsa yashi, ya bi ta gefen gonaki inda kututturen karan dawa da ƙayar aduwa ke jira. A nan dogon gefe da jiki mai kauri sun fi riƙon kwana amfani. Matasan da ke cire wili 15 su ɗaura 18 don ado suna sayen wahala ne: kumburi a gefen taya, lotsewar wili, da mutuwar shokozoba. Taya da ta kumbura a gefe wayoyinta sun tsinke, ba ta karɓar faci, sai dai a cire ta.

Da damina, aikin tsagin taya shi ne kore ruwa daga ƙarƙashinta. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin zane kusan milimita 8. A ƙasashen Turai doka ta hana amfani da wadda ta sauka ƙasa da 1.6, kuma a cikin tsagin kowace taya akwai ɗan tudu mai wannan tsayi. Idan zane ya yi daidai da tudun, taya ta ƙare. Ga ruwan sama irin na watan Agusta, gara a canza tun tana kan milimita 3. Taya mai faɗi da ta suɗe tana hawa kan ruwa maimakon ta tsaga shi, a lokacin kuwa sitiyari da birki duk ba sa amsawa.

Kasuwa

A da ana yin taya a cikin Najeriya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya dakatar da tasa ta Ikeja a 2008, daga nan kasuwa ta koma hannun kayan waje. Gwamnati ta hana shigo da tayoyin da aka yi amfani da su, amma 'yan kwatano ba su yanke ba a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa, saboda araha.

Haɗarin tayar hannu iri uku ne. Na farko shekaru. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, zafi kuma yana gaggauta bushewar. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa. Michelin kuma yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara idan ta kai biyar, a cire ta idan ta kai goma komai kyan zanenta. Na biyu tayar hunturun Turai, mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe. An haɗa robarta ne domin sanyin da ya gaza digiri 7, zanenta mai zurfi yana jan idon mai saye, amma a kwaltar bazara laushi take yi fiye da kima, ta cinye da wuri, birki ya yi nisa. Na uku abin da ido ba ya gani: tayar da aka cusa cikin wata don rage kuɗin jigila takan karye ta ciki, wadda aka sake tsaga wa zane da wuƙa kuwa robarta ta sirance. Araha ba ta ado. Sabuwar taya mai matsakaicin kuɗi, mai lambar kaya daidai da makin zafi A, ta fi tsohuwar taya mai babban suna.

Ɗaurawa da kulawa

Tayoyi biyun da ke gaba su zama iri ɗaya, girma ɗaya, haka ma na baya. Idan biyu kaɗai aka iya saya, kamfanonin taya suna cewa a sa sababbin a baya, domin zamewar baya ita ce direba ba ya iya gyarawa. Tayoyin gudu da yawa suna da kibiya mai nuna inda za su juya, ko rubutun da ke nuna fuskar waje. In aka juya su, ba sa kore ruwa yadda ya kamata. Bayan ɗaurawa a yi balansin da alaimen. Taya da ke cinyewa ta gefe ɗaya tana nuna alaimen ya goce ko wani abu ya saki a ƙafar mota. A riƙa sauya wa tayoyi wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, a kuma duba iskar safaya tare da sauran.

Tsadar mota ba ta kare mutum daga fashewar taya. A ranar 6 ga Maris, 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma binciken hukumar kiyaye haɗurra ya danganta abin da fashewar tayar baya, da gudu, da taka birki da ƙarfi. Idan taya ta fashe, direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya tsare motar a layinta, ya sassauta totur a hankali, kada ya danna birki sai gudu ya ragu sosai, sannan ya gangara gefe.

Tsarin zaɓe

Mai sayen taya ya fara da takardar ƙofar direba, ya ɗauki girma da lambar kaya da harafin gudu. Sannan ya duba aikin da motar ke yi: mai lodi ya nemi C ko XL, mai bin burji ya nemi dogon gefe, mai doguwar tafiya a kwaltar Kano zuwa Katsina ko Daura ya nemi makin zafi A da harafin H ko V. Ya karanta makon ƙerawa da shekararta kafin ciniki, ya leƙa cikin tayar, ya shafa gefenta ko akwai tsaga ko kumburi. Tayar gudu ta ainihi, mai laushin roba da gajeren gefe, ta dace ne kawai da motar da aka ƙera da ita, a kan kwalta mai kyau, a hannun wanda zai iya canza ta duk lokacin da zanenta ya sauka.