Ruwan Randar Kaka

   

Yau za mu yi magana a kan ƙananan abubuwa, irin waɗanda mutum ba ya ƙirga su in yana lissafin arzikinsa. Moɗa ɗaya ta ruwan randa bayan an sha rana. Ɗumamen tuwo da sassafe lokacin hunturu. Tabarma a gindin itace. Wani ya kira ka da sunan da ba wanda ya san ka da shi sai shi. Mu dai a gidan kakanninmu muka fara sanin daɗin waɗannan abubuwa, kuma gidan nan a wata ƙasa yake. Bari mu ba ku labarin.

A Kano muka tashi, amma Innarmu mutuniyar ƙasar Maraɗi ce, a Jamhuriyar Nijar. Iyayenta suna wani ƙauye kusa da Tsibiri. Kowace shekara, in an ba da hutun Kirsimati, sai ta ɗaure kaya ta tasa mu gaba. Tun asuba muke zuwa tasha mu shiga fijo. Mu wuce Bichi, mu wuce Tsanyawa da Kankiya da Charanchi, mu sauka Katsina. Daga nan mu sake mota zuwa Jibiya, mu tsaya a bakin iyaka a duba kaya, sa'an nan mu shiga Ɗan Isa. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, amma a idon yaro tafiyar kamar ta zuwa bangon duniya ce.

Abin da ya riƙa ɗaure mana kai shi ne, an ce mun shiga wata ƙasa, amma gero iri ɗaya ne a gonaki, gawo da kuka iri ɗaya, jakuna iri ɗaya, mutane kuma Hausa suke yi. Sai da muka girma muka ji cewa Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata iyakar nan a yarjejeniyoyin da suka yi tsakanin 1898 da 1906, iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500. Muka kuma ji cewa Maraɗi kanta Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri. Ashe dangi ɗaya ne aka ja layi a tsakaninsu.

Duk da haka akwai abubuwan da ke nuna mana lalle mun baƙunta. A bakin iyaka, wanda muke ce wa kwastan su duwan suke ce masa. Makaranta lakwal ce, malamin makaranta kuma mushe. Ashana alimeti ce. In mutum ya ce zai tafi likita, asibiti yake nufi. Fura kuwa hura suke cewa. 'Yan'uwanmu na can su yi ta yi mana dariya wai Hausarmu ta lalace, mu ma mu yi musu. Lissafin kuɗi ma sai da aka koya mana: dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa ɗari, jaka ɗaya kuma sefa dubu. In an aike mu sayen dogon burodin nan na Faransawa, sai mun ƙirga da yatsu kafin mu karɓi canji.

To, da mun isa ƙofar gida, kafin a sauke kaya, Kaka ta riga ta fito. Ta dubi yayanmu namiji ta ce, "Maigida, sai yanzu? Ina cefanena?" Ta dubi 'yan matan ta ce, "Ga kishiyoyina sun zo su cinye mini hatsi." Kun san wasan kaka da jika. Baba Tsoho kuma yana zaune a kan buzunsa a gindin bedi, ya ce wa 'yan matan amarensa, ya ce wa mazan ɓarayin matarsa. Ba a tambayarmu sakamakon jarrabawa, ba a yi mana faɗan mun ɓata riga. Abu na fari shi ne ruwa. Akwai wata randa a kusurwar ɗakin Kaka, an binne gindinta cikin yashi mai laima, an rufe bakinta da faifai. Ta ɗebo da moɗa ta miƙa wa ƙaraminmu, sa'an nan na bisa da shi, har a kai kan babba. Ruwan yana da sanyi da ƙanshin ƙasa. Mun sha ruwan firiji a wurare da yawa tun daga lokacin, amma har yau in ƙishirwa ta kama mu, ruwan randar nan muke tunawa.

Da rana ta dama mana fura da nono a ƙwarya, kowa da ludayinsa. Da dare tuwon gero da miyar kuka. Da safe kuwa, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa har leɓe na tsagewa, sai mu tashi mu tarar ta hura wuta da kara a tsakar gida, ta ɗora ɗumame, ta ajiye man shanu kaɗan a gefe. Mu kewaye wutar muna miƙa hannu. Ta shafa mana man kaɗanya a ƙafa domin kada kaushi ya fasa mana dunduniya. In dare ya yi a kunna fitilar ƙwai, ta yi mana tatsuniya har barci ya kwashe mu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya farka tsakar dare sai ya ji an lulluɓe shi da zanen da ba da shi ya kwanta ba. Baba Tsoho yana da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, irin fassarar da aka fara bugawa a 1932, bangonsa duk ya sha ɗinki. Idonsa ya yi rauni, saboda haka yakan sa mu karanta masa kafin a kwanta, yana gyara mana in mun yi tuntuɓe, da yake ya san wuraren da ka.

Mu a lokacin, gani muke haka gidan yake kullum. Muna tsammani kowace rana akwai nono, akwai man shanu, akwai shinkafa da nama ran Lahadi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Kirsimatin 1983 shi ne zuwanmu na ƙarshe da muka tarar da su duka biyu. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. A cikin 1984 ɗin kuma ruwan sama ya ƙi, aka yi fari mai tsanani a Nijar, dabbobi suka mutu, rumbuna suka zama wayam. Hatsin da aka saba kawowa daga Nijeriya ya yi wuyar samu. Tsofaffin ƙasar Maraɗi har yanzu suna tuna yunwar nan. Innarmu tana Kano, abinci yana gabanta amma ba ya shiga. Babu waya a ƙauye. Saƙo sai in an sami mai bin hanyar daji. A cikin wannan hali Baba Tsoho ya kwanta ciwo, ya rasu. Labarin bai iso mu ba sai bayan mako uku.

Da aka buɗe iyaka muka tafi. Bedin yana nan, buzun ba ya nan. Kaka ta rame ƙwarai. Amma da ta gan mu, ba ta fara da kuka ba. Ta shiga ɗaki ta ɗebo ruwan randa, ta miƙa wa ƙaraminmu kamar yadda ta saba. Bayan mun sha, ta ɗauko wani gwangwanin madara ta zazzage a kan tabarma. Kwabbai ne na dala biyar-biyar, an ɗaure su ƙulli-ƙulli a tsumma, ƙulli ɗaya domin kowane jika. Ta ce, "Abokinku ya ajiye muku na burodi. Ya ce ko da yunwa za ta kashe mu, kada a taɓa."

A wannan zuwa ne ƙanwar Innarmu ta faɗa mana abin da ba mu sani ba. Ta ce kowace shekara, da kaka ta yi, Kaka takan ware akuya ɗaya ta ce ta 'yan Kano ce. A sayar da ita a sayi shinkafa da sukari da mai. Nonon da muke sha, wata biyu take tara kuɗinsa daga kaɗin auduga da sayar da ƙuli-ƙuli. Sau da yawa in ta ce mana ta riga ta ci, ba ta ci ba. Zanen da muke tarar an rufa mana da dare, nata ne, ita kuwa ta kwana a bakin murhu.

'Yan'uwa, ga abin da muke so mu riƙe yau. Kowane ƙaramin jin daɗi da muka samu, akwai wanda ya biya kuɗinsa. Ruwan randa ba ya zuwa da kansa, wata ce ta tashi da asuba ta je rijiya. Ɗumamen safe, wani ne ya rage cikinsa da dare. Ka duba gidanka yau. Wa ya share tsakar gida kafin ka tashi? Wa ya wanke rigar da ka sa? Wa ya ajiye maka abinci a rufe da ka yi dare? Ka taɓa ce masa sannu? Mu mun yi shekaru muna sha muna ci, ba mu ce wa Baba Tsoho mun gode ba, har ƙasa ta rufe shi.

A Littafin Farawa sura 48 akwai labarin wani kaka da jikokinsa a baƙuwar ƙasa. Yunwa ce ta kai Yakubu Masar yana da shekara 130, ya zauna can shekara 17. Jikokinsa Manassa da Ifraimu a Masar aka haife su, uwarsu Bamasariya ce, ubansu Yusufu kuwa babban mai mulki ne, aiki ya yi masa yawa. Amma da aka gaya wa Yusufu tsohon ba shi da lafiya, bai aika da bawa ba. Ya tashi da kansa, ya ɗauki yaran biyu ya kai su. Idon Yakubu ya riga ya dushe, har sai da ya tambaya ko su wane ne. Ya rungume su, ya sumbace su, ya ɗora musu hannu ya sa musu albarka, ya kuma ba su labarin kakanninsu da ƙasar da suka fito. Da Yusufu ya ce bari sai aiki ya yi sauƙi, da yaran nan sun rasa abin da dukiyar Masar ba za ta saya musu ba.

Mun sani tafiya ta yi wuya a zamanin nan. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An kuma rufe bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar cikin Yuli 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. Kuɗin mota ya hau, wasu hanyoyin kuma sai da addu'a ake bin su. Ba mu ce kowa ya jefa iyalinsa cikin hatsari ba. Amma wannan shi ya sa muke cewa, ƙofar da ka ga a buɗe yau ba ka san ranar da za a rufe ta ba. Akwai masu jinmu da iyayensu ke Damagaram ko Dogon Dutsi, wasu a Garwa ta Kamaru, wasu a zangon Kumasi, wasu kuwa ƙauyensu bai fi tafiyar awa biyu ba, amma 'ya'yansu ba su san fuskar kakarsu ba. Zumunta a ƙafa take. In hali ya yi, hutun nan ka ɗauki yaran ka kai su. Ku kwana. Ka bar su su sha ruwan randa, su ji Hausar can, a yi musu wasan jika. Kada kuma ka je hannu sake, tun da yanzu ka san abin da saukar baƙi ke ci wa tsofaffi. Ka riƙa mudun hatsi da sabulu da bargo.

In tafiya ba ta yiwu ba, yanzu akwai waya, abin da Innarmu ba ta samu ba a 1984. Ka kira, ka miƙa wa yaran su gaisa, ko da tsohuwar za ta maimaita tambaya ɗaya sau uku. Ka sa su tambaye ta sunan iyayenta da garin da aka haife ta, su rubuta a takarda. Ku kuma iyayenmu tsofaffi da ke jinmu, kada ku ce ba ku da abin bayarwa. Ba mu tuna ko Kaka ta taɓa ba mu sabuwar riga ba, amma ga shi mun yi furfura muna ba da labarin moɗar ruwanta. Wanda kuma kakanninsa suka riga mu gidan gaskiya, ya duba cikin unguwa ko cikin ikilisiya, ba za a rasa tsohuwar da jikokinta suke nesa ba. Ya aika yaro ya ɗebo mata ruwa, ya zauna ya ji labarinta.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, mun gode maka domin ruwan sha, da abincin safe, da wurin kwanciya, da hannuwan da suka shirya mana su. Ka gafarta mana inda muka ci muka sha ba mu gode ba. Ka kiyaye tsofaffinmu na kusa da na ƙetaren iyaka, ka ba ƙasashenmu salama, ka buɗe hanya domin jikoki su ga kakanninsu. Amin.