Babur Mai Shan Mai: A Fara Duba Iska

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, babur ɗin da ke shan mai fiye da kima ya zama ɓarawon cikin gida. Alamominsa ba sa ɓuya: baƙin hayaƙi daga salansa, warin ɗanyen fetur, ka ja totur ya riƙa shaƙewa. Kwance fulogi ka duba bakinsa. In ya yi baƙi ƙirin da busasshiyar kunkunniya, to mai ya rinjayi iska a kafireta. Injin fetur yana son kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi.

Abin da ke damuna shi ne saurin da wasu kanikawa ke yi wajen murɗa sukurun kafireta. A fara da soson tace iska, domin ƙurar hunturu tana toshe shi. A wanke, ya bushe sarai. A tabbata cok bai maƙale ba, allurar da ke tsayar da mai kuma ba ta cinye ba. Sannan a taɓa sukuru, kaɗan-kaɗan, inji yana da zafi.

Don Allah kada a matse mai da yawa don neman sauƙi. In fulogi ya koma fari fat, inji ne ke ƙonewa. Launin ƙasa-ƙasa ake nema.