Daɗewa ko Ƙwarewa: Matsalar Ƙarin Girma ga Matuƙan Jirgin Sama a Amurka



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba wata tsohuwar jayayya: da me ya kamata a auna matuƙin jirgin sama wajen ƙarin girma, da daɗewarsa a bakin aiki ko da ƙwarewarsa?

A manyan kamfanonin Amurka, ranar da aka ɗauki matuƙi aiki ita ke ba shi lamba a jerin abokan aikinsa. Lambar nan ita ke yanke masa irin jirgin da zai tuƙa, da lokacin hutunsa, da ranar da zai zama kyaftin. In sallama ta zo, daga ƙasan jeri ake farawa.

Tsarin yana da dalili. A shekarar 1919 matuƙan jiragen gidan waya sun yi yajin aiki, don an kori waɗansunsu da suka ƙi tashi cikin hazo. A 1931 David Behncke ya jagoranci kafa ƙungiyar ALPA. Hujjar ƙungiyar ita ce, muddin ƙarin girma yana hannun manaja, to, matuƙin da ya ce jirgi ba shi da lafiya, ko sama ba ta yi kyau ba, shi za a kira rago. Watau jerin daɗewa shi ke ba matuƙi ikon cewa a'a ba tare da tsoron rasa abincinsa ba.

Amma masu suka suna da tasu hujjar. Lambar ba ta bin mai ita zuwa wani kamfani. Da Eastern da Pan Am suka rushe a 1991, kyaftin masu furfura da yawa sun koma farawa daga tushe. Haka kuma haɗewar US Airways da America West a 2005 ta jawo shekaru ana shari'a kan yadda za a haɗa jeri biyu.

Abin lura shi ne, daɗewa layi kurum take ba mutum. Kafin ya hau kujerar kyaftin sai ya ci jarrabawa, kuma ana sake gwada shi a kai a kai. Ashe ƙwarewa sharaɗi ce a kan kowa. Tambayar da ta saura ita ce, wa za a amince wa ya fifita wani ƙwararre a kan wani, alhali matuƙin kirki shi ne wanda tafiyarsa ta ƙare ba labari?