Namomin Jeji na Ƙasar Gonja

Zancena yau a kan namomin jeji ne, gama da yawa cikin 'ya'yanmu sun girma ba su taɓa ganin giwa ba sai a hoto.

Kakanninmu fatake ne. Su kan taso daga Kano da Katsina da jakuna, su yi watanni bisa hanya kafin su kai Salaga cikin ƙasar Gonja garin sayen goro. Da dare su kan hura wuta kewaye da zango domin tsoron zaki da kura. Sa'anda yaƙi ya watse Salaga a 1892, waɗansu suka gangaro kudu har bakin teku. Namomin da suka tsorata su kuwa sun ragu ƙwarai, har sai da hukuma ta keɓe musu wuri.

Sunan wurin Mole, kusa da Damongo, cikin ƙasar Gonja ɗin nan. A zamanin Turawa an riƙa harbe namomin wurin, wai domin a rabu da ƙudan tsando. Aka bar wannan dabara, aka keɓe jejin a 1958, a 1971 kuma aka mai da shi gandun ƙasa. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 4,500, ba kamarsa a Gana duka. Mai zuwa daga Ankara ya kan bi ta Kumasi da Kintampo, ya ratse yamma zuwa Damongo da Larabanga. Tafiyar yini guda ce cur.

Ga abu uku da mai son gani za ya riƙe.

Na fari, lokaci. Ku tafi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Sa'an nan ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, tilas namomi su taru a tafkunan da suka rage. Akwai masauki bisa tudu, daga can mutum ya kan hangi giwaye suna wanka a ƙasa. Ku fita da sassafe ko da la'asar, gama da tsakar rana kowace dabba tana inuwa.

Na biyu, shiru. Ba a shiga jejin sai tare da mai gadi riƙe da bindiga. Ku bi bayansa, ku bar surutun kasuwa a gida. Idon giwa ba shi da ƙarfi, amma hancinta da kunnenta ba su kuskure. Kadan ta buɗe kunnuwa ta fuskance ku, ku ja da baya a hankali. Gwaggon biri kuwa, kada ku ba shi abinci, gama wanda ya saba ya kan zama ɓarawo.

Na uku, haƙuri. Mai gadi ya kan duba sawu, da kashi, da reshen da aka karya, ya san abin da ya wuce. Mariya da gwambaza da mugun dawa ba su da wuyar gani. Ɓauna da gwanki da kanki sai an yi nisa. Zaki fa, kada ku sa rai. Daga 2006 zuwa 2009 masu bincike sun ɗaura na'urorin ɗaukar hoto cikin jejin, ba su sami hoton zaki ko ɗaya ba.

To, ina ruwan mutumin Nima da wannan? Da ruwansa. Mafarauci ba ya kwana cikin jeji a banza, sai domin ya san akwai mai saye a birni. Kuɗin da mu ke miƙawa a Makola da sauran kasuwanni shi ne harsashin bindigarsa. Ku tuna, giwa ta kan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa guda. Abin da aka kashe cikin dare ɗaya, shekaru ne kafin a mai da shi.

Domin wannan hukumar Gana ta kan hana farauta kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da namomi su ke da ciki ko goyo. Gyazbi kaɗai aka ware, shi ma sai da takardar izini. Ke uwargida mai cefane, in kin ga naman gada cikin watannin nan, ki wuce shi. Kai maigida, kada ka aika a nemo maka.

Wanda ba shi da kuɗin motar Damongo, ga Duwatsun Shai nan kusa, bisa hanyar Akosombo, akwai birai da mariya. Wanda ya tafi ganin gida Nijeriya kuma, ga Yankari a ƙasar Bauci, an keɓe shi tun 1956. Ku kai yaranku su gani da idonsu, gama yaron da ya taɓa tsayawa gaban giwa ba za ya so a ƙare ta ba. Mun gāji wannan dukiya daga hannun na gaba, kada ta ƙare a hannunmu.