Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Za Mu Soma Tsara Ayyukanmu da Manhajar Waya

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na taron shekara-shekara

  An nemi mu yi tsokaci a kan yadda mutum zai soma amfani da manhajar tsara ayyuka, wato irin manhajar nan ta wayar salula ko kwamfuta wadda ake rubuta jerin abubuwan da ake son yi a cikinta, ita kuma ta riƙa tunatarwa.

Gabatarwa

Duk wanda ya baro gida ya zauna a birni, kaya biyu yake ɗauke da su. Akwai kayan birni: ofis ko shago, kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, da takardun mota da ake sabuntawa duk shekara. Akwai kuma kayan gida: maganin tsoho da ke ƙarewa duk wata, kuɗin taki da ya kamata ya isa kafin ruwa ya zauna, bikin ƙanwa, ta'aziyyar da ba a samu zuwa ba, da ɗan wa da aka ce mu sa ido a kan rajistarsa ta jarrabawar JAMB. Galibinmu a ka muke ajiye waɗannan duka. Ranar da ɗaya ya kuɓuce, mutanen gida ba za su ce mantuwa ce ba, cewa za su yi birni ya cinye wane. Ke nan batun da ke gabanmu ya shafi mutunci da zumunci, domin alkawari kaya ne.

Me ya sa kai ba ya riƙewa?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna iyakar abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda. A shekarar 1956 wani masani ɗan Amurka, George Miller, ya ƙiyasta cewa abubuwa bakwai ne ko kusa da haka. A shekarar 2001 kuma wani masanin, Nelson Cowan, ya nuna cewa adadin ya fi kusa da huɗu. To, mai ɗauke da alkawari talatin a kansa, ina zai kai sauran?

Bugu da ƙari, aikin da ba a gama ba ba ya barin mai shi ya huta. Tun a 1927 wata masaniya mai suna Bluma Zeigarnik, a binciken da ta yi a Jamus, ta ja hankali ga yadda aikin da aka katse ke maƙalewa a rai. A 2011 wasu masana biyu, Masicampo da Baumeister, suka gano cewa da zarar mutum ya tsara takamaiman yadda zai yi aikin, tunanin yakan sassauta, ko da bai kai ga yin aikin ba. Wannan shi ne amfanin jerin ayyuka na farko: sauke kaya daga kai zuwa wurin da muka amince ba zai ɓata ba.

Abin da manhaja ta fi takarda da shi

Rubuta jerin ayyuka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. 'Yan kasuwarmu na da littafin bashi, ma'aikatanmu na da diyari. Manhaja ta ƙara abubuwa huɗu ne a kan takarda. Na farko, tana buga ƙararrawa idan lokacin aiki ya yi. Na biyu, aikin da ke maimaituwa sau ɗaya ake rubuta shi, ya riƙa dawowa duk mako ko duk wata. Na uku, tana ajiye jerin a rumbun kamfanin ta intanet, saboda haka abin da aka rubuta a waya zai bayyana a kwamfuta, kuma ko wayar ta ɓata jerin bai ɓata ba. Na huɗu, ana iya raba jeri ɗaya tsakanin mutane da dama.

Manhajojin suna da yawa, amma huɗu sun isa misali. Google Tasks, wadda ta fito a matsayin manhajar waya mai zaman kanta a 2018, ita ce mafi sauƙi, kuma tana tafiya tare da akwatin Gmail da kalandar Google. Microsoft To Do, wadda ta fito a 2017, tana da wani shafi na ayyukan yini wanda ke wayar gari fanko kowace safiya, domin mutum ya zaɓi abin da zai fuskanta a ranar. Todoist, wadda Amir Salihefendic ya ƙirƙira a 2007, ta fi su yawan dabarun rarraba ayyuka, tana da tsarin kyauta da na biya. Trello kuwa, wadda ta fito a 2011, ta fi dacewa da aikin taron jama'a, kuma za mu dawo kanta.

Matakan somawa

Mataki na farko: a zaɓi manhaja ɗaya tak. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya raba ayyukansa tsakanin manhajoji biyu da takarda da saƙon WhatsApp da ya tura wa kansa, ya ƙara wa kansa aikin neman inda ya rubuta. Mai adireshin Gmail ya soma da Google Tasks, wanda ofishinsa ke aiki da Outlook ya ɗauki Microsoft To Do. A ba ta wata guda cur kafin a yanke hukuncin sauya ta.

Mataki na biyu: a zazzage kai. A keɓe rabin sa'a, a rubuta duk wani abu da ke rataye a wuya, babba da ƙarami, ba tare da tsayawa tantancewa ba. Wannan ita ce ginshiƙin hanyar da David Allen ya bayyana a littafinsa Getting Things Done na 2001. Daga ranar kuma, duk alkawarin da aka ɗauka a waya ko a bakin titi, a rubuta shi nan take kafin a mai da wayar aljihu. Rubutun da ke jikin manhajojin galibi na Turanci ne, amma ayyukanmu da Hausa za mu iya rubuta su, kuma allon rubutu na Gboard yana da haruffanmu masu ƙugiya.

Mataki na uku, kuma a nan ne gizo ke saƙar: a rubuta aiki yadda za a iya tashi a yi shi. Idan muka rubuta "rufin ɗakin Inna", ba aiki muka rubuta ba, damuwa muka rubuta, kuma duk sanda ido ya faɗa kanta sai a tsallake. Abin da ya kamata a rubuta shi ne matakin da ke gaba: "kira kafinta a ji yawan kwanon da ake bukata". Bayan shi sai "tambayi farashin bandir a kasuwa", sai "tura kuɗin mota", sai "sa a ɗauko hoton aikin". Kowace cikin manhajojin nan tana ba da damar jera ƙananan matakai a ƙarƙashin babban aiki. Ma'aunin da za mu riƙe shi ne: kowane layi ya fara da kalmar aikatawa, kamar kira, biya, tura, saya, rubuta. Allen ya ƙara da wata ƙa'ida mai amfani: aikin da bai wuce minti biyu ba, a yi shi a take, kada a ɓata lokacin tsara shi.

Mataki na huɗu: a rarraba jerin gida-gida, amma kada a wuce huɗu ko biyar a farko. Alal misali: Wurin Aiki, Iyali, Gida, Sayayya, da kuma jeri na musamman mai suna Ana Jira. A wannan na ƙarshe ake sa abin da ke hannun wani: takardar da aka kai ofis don sa hannu, ɗinkin da ke wurin tela, kuɗin da aka ce za a turo. A rubuta ranar da aka miƙa da ranar da za a bi sawu. Da yawan ayyukanmu a hannun wasu suke mutuwa, don ba wanda ya tuna ya waiwaye su.

Mataki na biyar: a yi hattara da sanya ranaku. Sabon shiga yakan ɗora wa kowane aiki kwanan wata, bayan mako guda sai ya tarar da ayyuka ashirin sun yi ja, sun wuce lokaci, daga nan ya daina buɗe manhajar don kunya. A sa rana ga abin da ke da wa'adi na haƙiƙa kaɗai. Sannan ranar da za a sa ita ce ranar soma shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan haya za ta ƙare a Disamba, tunatarwa ta zo tun Satumba. Idan fasfo zai mutu, ta zo wata shida kafin nan. Kuɗin taki da iri, a sa tun Maris ko Afrilu. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana tun 1979 cewa ɗabi'ar ɗan Adam ce ya rage lissafin lokacin da aiki zai ci, saboda haka duk ƙiyasin da muka yi, mu ƙara masa rata.

Mataki na shida: a bambanta mai muhimmanci da mai gaggawa. Ana jingina wannan rabe-rabe ga tsohon Shugaban Amurka Dwight Eisenhower, kuma Stephen Covey ne ya yayata shi a littafinsa na 1989. Wayar da ke ƙara tana da gaggawa, amma kai tsoho a auna masa hawan jini shi ne mai muhimmanci, kuma shi ba ya ƙara har sai ya zama ciwo. Kowace safiya a zaɓi ayyuka uku, a sa musu alamar tauraro ko tuta, a tabbata aƙalla ɗaya daga cikinsu mai muhimmanci ne wanda ba kowa ke matsa mana a kansa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Mataki na bakwai: bitar mako. A tsai da lokaci guda, misali yammacin Lahadi, minti ashirin. A duba kowane jeri, a soke abin da aka gama, a goge abin da ya daina amfani, a sake wa wanda ya wuce rana, a leƙa jerin Ana Jira. Wanda ya bar bita, cikin wata guda jerinsa zai daina faɗa masa gaskiya, kuma jerin da ba a yarda da shi ba, ba a buɗe shi.

Aikin da ya haɗa mutane

Idan 'yan uwa biyar da ke garuruwa daban-daban suka haɗu a kan shirin biki ko jinyar mahaifi, yawanci a zauren WhatsApp ake magana, kuma shawarar da aka yanke ranar Litinin takan nutse ƙarƙashin gaisuwa da hotuna kafin Laraba. A nan Trello ke da amfani. An gina ta ne a kan tsarin katuna da kamfanin Toyota na Japan ya ɓullo da shi a masana'antarsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ana yin allo mai layi uku: Za a Yi, Ana Yi, An Gama. Kowane aiki kati ne, ana jan sa daga layi zuwa layi, kowa na gani. Sharaɗin kawai shi ne kowane kati ya ɗauki sunan mutum ɗaya da rana ɗaya, domin aikin da aka ce na kowa ne, kowa zai zuba wa ɗan uwansa ido. Wanda allon ya yi masa nauyi, Microsoft To Do da Todoist ma suna ba da damar raba jeri da ɗora wa kowane aiki sunan mai yinsa.

Abubuwan kiyayewa

Na ɗaya, kada a rubuta lambar sirri ta katin banki, ko lambar BVN, ko kalmar sirri a cikin jerin ayyuka, musamman wanda aka raba da wasu. Na biyu, wasu wayoyin Android sukan kashe manhajar da ba a buɗe ba don tsimin batir, sai tunatarwa ta makara ko ta ƙi zuwa. A shiga saitin batir a cire manhajar daga wannan takunkumi, sannan a gwada da tunatarwar minti biyar. Na uku, maimaitawar shekara-shekara tana bin kalandar Miladiyya ne, alhali azumi da Sallah suna matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, don haka shirin ɗinki da ragon layya da kuɗin motar zuwa gida sai a sake musu rana da hannu. Na huɗu, manhaja ma tana mutuwa. Wunderlist ta shahara ƙwarai, Microsoft ya saye ta a 2015, ya rufe ta a watan Mayu na 2020, masu amfani da ita suka kwashe kayansu. Saboda haka manyan wa'adodi a kwafe su a diyari ko kalandar bango. Game da tsadar data kuwa, rubutu ba ya cin komai sosai, kuma ana iya rubuta aiki ko babu intanet, manhajar ta daidaita kanta idan sabis ya dawo.

Kammalawa

Ya ku 'yan uwa, manhaja ba ta kiran kafinta, ba ta zuwa ta'aziyya. Iyakarta ta ce mana lokaci ya yi, sauran aiki namu ne. Roƙonmu shi ne, kafin a kwanta a daren yau, kowa ya sauke manhaja ɗaya, ya rubuta alkawura goma da ke kansa, ya zaɓi uku na gobe. Matasanmu kuma su zauna da iyayenmu da ke wannan zaure su nuna musu yadda ake yi. Sannu ba ta hana zuwa. Idan Allah ya kai mu taron baɗi, muna fata mu ji daga bakin waɗanda suka gwada, su faɗa mana abin da ya yi da abin da ke bukatar gyara.